ZANCEN GIDA: Kaset Uku Daga Fakku

A wannan wata zancenmu ya faɗa kan wani kaya wanda ya ke kwance a ƙarƙashin gado ko cikin akwatin ƙarfe a gidaje da yawa, watau tsofaffin kaset-kaset na bidiyo da na rikoda, waɗanda aka ɗauki bukukuwanmu da muryoyin iyayenmu a ciki. Yawancinmu muna tsammani tun da mun ɓoye su a wuri mai kyau, to, suna nan lafiya. Mu ma haka mu ke tsammani, sai da muka je Fakku.

Fakku gari ne a ƙaramar hukumar Kebbe, can kudancin Jihar Sakkwato, gaba da Tambuwal. Mun je ne a ƙarshen damina domin mu gai da wata gwauruwa wadda ta riƙe mu kamar 'ya'yanta tun muna ƙanana. Mijinta malamin asibiti ne, ya rasu a 1999. Bayan mun sha fura mun huta, sai ta shiga ɗaki ta jawo wani akwati, ta kwance wani tsohon zane, ta fito da kaset guda uku.

Ta ce, "'Ya'yana, ku da ku ke zaune a birni, ku duba mini waɗannan. Muryar Babanku tana ciki. Jikokina sun san hotonsa a bango, amma ba su taɓa jin ya yi magana ba."

Muka ce, "Mama, ina na'urar da ku ke kallo da ita?"

Ta yi dariya ta ce, "Ta mutu tun kafin a aurar da auta. Kwalinta ma kaza ce ke ƙwai a ciki."

Kaset na fari babba ne, an rubuta a jikinsa "Aure, 1994", watau bikin 'yarta ta fari. Na biyu an rubuta "Suna, 1995". Na uku ƙarami ne, na rikoda, saƙo ne wanda mijin ya aiko wa iyalinsa sa'ad da aka tura shi kwas Zariya a 1988. Manya za su tuna da irin wannan wasiƙa ta murya, wadda a kan ba direban mota ya kawo gida. Da muka ɗaga kaset na auren muka duba ta gilashinsa, sai muka ga wani abu fari kamar an barbaɗa gari a bisa zaren. Fumfuna ce. Gabanmu ya faɗi, amma ba mu ce mata kome ba.

KASET YANA TSUFA

Bari mu bayyana abin da ke cikin kaset, gama wanda ya san wannan zai gane dalilin gaggawa. Zaren kaset na bidiyo leda ce siririya, faɗinta rabin inci. A kaset na awa uku, wanda aka rubuta wa E-180, tsawon zaren ya fi mita 250. An shafe fuskar ledar da wani gari mai laushi na ƙarfe, an manne shi da wani irin danƙo. Hoto da murya suna cikin wannan garin ne, ta ikon maganaɗisu. Idan garin ya zube, to, hoto ya zube ke nan, ba mai iya komo da shi.

Babban abokin gāban danƙon nan shi ne laima. Yana shan laimar iska kaɗan kaɗan har ya ruɓe, zaren ya riƙa mannewa, garin ya riƙa kankarewa. Zafi kuwa yana hanzarta wannan ruɓa. Domin haka gidajen adana tarihi su kan ajiye kaset a ɗaki busasshe mai sanyi, ƙasa da digiri 20. To, ku dubi ƙasarmu. A watan Afrilu da Mayu zafin ƙasar Sakkwato ya kan wuce digiri 40, balle a ɗaki mai rufin kwano. Damina ta zo da laima da fumfuna. Hunturu ya zo da ƙura mai shiga ko'ina. Ga gara, ga kyankyaso, ga ambaliya wadda ta sha cinye gidajen ƙasa a Sakkwato da Kebbi, kamar a 2010 da 2020. Masana su kan ba kaset shekara 10 zuwa 30 idan an lura da shi. Kaset na 1994 ya riga ya haye wannan iyaka.

NA'URAR MA TA ƘARE

Ko da zaren yana da rai, sai da na'ura za a gani. Kamfanin JVC na Japan ne ya fito da irin kaset ɗin da a ke kira VHS a 1976. A ƙasar Hausa ya bazu sosai bayan 1990, shekarar da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa a Kano ta fito da fim ɗin Turmin Danya a kaset. Daga nan masu ɗaukar bidiyo suka yawaita, har ya zama biki bai cika ba sai an ga mai kyamara a kafaɗa yana bin amarya. Ba a daɗe ba faifan CD ya ture kaset, wayar hannu kuma ta ture faifai. A watan Yuli na 2016 kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe mai ƙera na'urar VHS, ya daina. Tun daga ran nan ba a sāke ƙera sabuwa ba. Waɗanda suka rage tsofaffi ne, robobin cikinsu suna tsinkewa, masu gyaransu kuma sun koma gyaran waya.

A 2019 hukumar UNESCO, tare da ƙungiyar gidajen adana murya da hoto ta duniya, ta yi gargaɗi cewa na'urorin kunna kaset da kayan gyaransu suna ƙarewa, har wajen 2025 aikin kwafe kaset zai yi wuya ƙwarai. Ai kuwa mun riga mun kai shekarar da suka ambata. Idan manyan gidajen rediyo da talabijin suna tsoron wannan, ina misalin akwatin Mama a Fakku?

ABIN DA MUKA TARAR A SAKKWATO

Muka ɗauki kaset ɗin nan uku muka kai Sakkwato. Kwana biyu muna tambaya kafin aka nuna mana wani dattijo wanda ya yi sana'ar ɗaukar bidiyon biki a dā, yana kuwa da na'ura mai aiki. Da ya ga fumfunar sai ya ce, "Malam, kun yi sa'a ba ku sa shi a na'ura ba. Da ya toshe kan na'urar, ya tsinke, ya kuma shafa wa duk kaset ɗin da ya biyo baya." Ya ɗaure hancinsa da ƙyalle, gama fumfuna tana cutar ƙirji, ya kwance kaset ɗin a waje cikin inuwa, ya riƙa juya zaren da hannu yana sharewa da ƙyalle mai laushi. Wannan ya ci masa yini guda.

Sa'an nan ya haɗa na'urar da kwamfuta ta wata 'yar ƙaramar na'ura wadda ke karɓar hoto da murya ta mai da su lambobi. Abin da a ke nufi da dijital ke nan. Amfaninsa shi ne, da zarar hoto ya zama lambobi, ana iya kwafe shi sau ɗari, na ɗarin kuwa daidai ya ke da na farin. Amma aikin ba ya gudu. Kaset na awa biyu sai ya yi awa biyu cif yana juyawa.

Ga abin da ya fito. A kaset na aure, minti ashirin na farko sun lalace, sai layi-layi da ƙara. Shigowar amarya ta tafi ke nan. Sauran ya fito, ko da ya ke launinsa ya koɗe. Can wajen tsakiya sai ga Baba ya miƙe cikin farar riga yana yi wa ango da amarya gargaɗi, yana tari irin nasa kafin ya fara magana. Mu da muka san shi, sai da muka share hawaye.

Kaset na suna kuwa, da aka kunna sai ga 'yan ƙwallo. Ashe kaset ɗin ya taɓa kwana a gidan ɗanta a birni, samari suka rasa inda za su ɗauki wasan ƙarshe na Olamfik na 1996, wanda Nijeriya ta ci Ajantina uku da biyu, suka ɗora a kai. Minti shida kaɗai suka rage na sunan, a can ƙarshe. Wasan nan kowa yana iya samunsa a intanet yau. Sunan jikar Mama kuwa babu shi a ko'ina cikin duniya.

Ƙaramin kaset na rikoda shi ya fi ba mu mamaki. Ɗan soson da ke tallafe zaren ya faɗi, saboda haka murya ba ta fita. Dattijon ya cire zaren ya sa shi cikin gidan wani kaset mai lafiya, sai ga murya tangaran. Minti arba'in Baba yana gai da kowa da sunansa, yana tambayar gero, yana ja wa babban ɗansa kunne a kan makaranta.

WANE NE WANNAN?

Muka koma Fakku da abin a cikin waya da ɗan katin memori. Da yamma aka shimfiɗa tabarmi, maƙwabta suka taru, aka jingina wayar a jikin turmi. A nan ne muka koyi abin da ya fi dukan abin da muka faɗa a sama.

Yara suna kallo suna dariyar ɗinkin zamanin dā, amma ba su san kowa ba. Mama ce ke nunawa da yatsa. "Wannan ƙanwar kakanku ce, ta zo daga Zuru. Wancan mai hula shi ya ba mu ɗaki ranar da muka sauka garin nan ba mu san kowa ba. Waccan mai tuƙa tuwo ita ta karɓi haihuwar uwarku." Muka sa wata jika ta ɗauko littafi tana rubutawa, da minti da suna. Har ta rubuta mutum talatin da ɗaya. Amma akwai wajen mutum goma waɗanda Mama ta duba ta duba, ta ce, "Na san fuskar nan, sunan ya ɓace mini. Da Babanku yana nan da ya faɗa muku."

Ashe ba kaset da na'ura kaɗai ke tsufa ba, har da waɗanda suka san mutanen da ke ciki. Bidiyon da ba a san mutanen cikinsa ba, bayan shekara ashirin zai zama taron baƙi, jikoki su share shi domin su sami wuri a waya. A Sakkwato akwai gidan tarihi mai sunan Waziri Junaidu, a Kaduna akwai Arewa House, suna adana takardun sarakuna da na gwamnati. Amma ba wanda zai adana mana sunan matar da ta karɓi haihuwar uwarmu. Wannan aikin gida ne, da tsohuwar zuma kuwa a ke magani.

ABIN DA ZA MU YI

Na fari, a fito da kaset-kaset duka a wannan mako a duba su. A bayan kowane kaset na VHS akwai ɗan harshe na roba. A karye shi, gama idan babu shi na'ura ba za ta yarda a ɗora wani abu a kai ba. Ƙananan kaset na rikoda su ma suna da irinsa guda biyu a sama. Da an karye na kaset ɗin suna, da 'yan ƙwallo ba su ci shi ba.

Na biyu, kafin a sami mai kwafewa, a gyara wurin ajiya. A jera su a tsaye kamar littattafai cikin kwalayensu, a ɗakin da ya fi sanyi a gidan, a bisa kanta, nesa da ƙasa da bango mai laima. Kada a ɗora su a kan sifika ko kusa da ita, gama akwai maganaɗisu a ciki. Kada a shanya su a rana, kada kuma a bar su cikin mota.

Na uku, kaset mai fumfuna ko mai wari a ware shi dabam, kada a kunna, amma kada a yar. Ku tuna da fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Shekaru da yawa ana cewa ya ɓace. A 2016 aka gano shi a ma'ajin Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, wata cibiya mai suna Arsenal a Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na birnin Balin a 2018. Shi fim ne na majigi, ba kaset ba, amma darasin ɗaya ne. Abin da ba a yar ba yana iya samun mai gyara.

Na huɗu, a nemi mai kwafewa. A fara tambaya wurin masu ɗaukar hoton biki na dā da tsofaffin masu gyaran rediyo a birane kamar Sakkwato, Birnin Kebbi da Kano. A fara ba shi kaset ɗaya wanda bai fi muhimmanci ba, a ga aikinsa. A yi ciniki tun da fari, a kuma gaya masa za a karɓi kaset ɗin bayan an gama. In da hali a zauna a wurin. A lura kuma, ƙananan kaset na kyamara, irin su Video8 da Hi8 da MiniDV, ba sa shiga na'urar VHS, sai an sami kyamara irin tasu. Kaset da ɗan'uwa ya aiko daga Amurka kuma tsarinsa NTSC ne, namu kuwa PAL, sai na'ura mai karɓar duka biyu.

Na biyar, a fara da abin da babu irinsa. Fim ɗin kasuwa da waƙoƙin da aka sayar wataƙila wani yana da su. Auren iyayenku, da waƙoƙin zumuntar mata da aka ɗauka a garinku, da muryar kaka tana tatsuniya, ku kaɗai ke da su.

Na shida, a ce wa mai kwafewa ya ba da bidiyon a tsarin MP4, wanda kowace waya ke buɗewa. Awa ɗaya ta kan ci wajen GB 1 zuwa 2, saboda haka katin GB 32 zai ɗauki bukukuwa da dama. Kada a yarda da faifan DVD kaɗai, gama yana karcewa, na'urarsa ma tana bin sawun ta kaset. Idan kuwa an sami na'ura mai aiki amma babu kwamfuta, a kafa waya a gaban talabijin cikin ɗaki mai duhu, a hana yara surutu, a ɗauka. Hoton ba zai yi kyau sosai ba, amma ya fi babu.

Na bakwai, kwafi ɗaya ba ajiya ba ne. Waya tana faɗawa rijiya, ana sace ta, katin memori kuma ya kan mutu ba sallama. A yi kwafi uku, a raba su gida uku, ɗaya a wani gari dabam. Na Mama yanzu ɗaya yana Fakku, ɗaya Sakkwato, ɗaya wurin 'yarta a Kaduna. Mai iya intanet ya ƙara da ajiya a can. Google yana ba kowane mai asusu GB 15 kyauta, amma tun daga ƙarshen 2023 yana iya share asusun da aka yi shekara biyu ba a buɗe ba, saboda haka a riƙa leƙawa, a kuma sanar da mutum biyu a gida kalmar sirrin. A sani kuma WhatsApp ya kan matse bidiyo ya rage kyansa. Yana da kyau domin aika wa dangi su gani, amma kada ya zama shi ne ma'aji. Kowace shekara a buɗe kwafin a tabbata yana aiki, bayan 'yan shekaru kuma a juye shi cikin sabon kati.

Na takwas, shi ne babba. A zauna da tsofaffi a kalla tare, da littafi da biro. A rubuta ranar bikin, da garin, da sunan kowane mutum, da dangantakarsa da gidan. A kunna rikodar waya a ajiye kusa da kaka sa'ad da ta ke bayani, gama bayanin nan nata shi ma abin ajiyewa ne. A ɗauki hoton shafin littafin a haɗa shi da bidiyon wuri ɗaya. Kafin kuma a sa wani abu a Facebook, a nemi yardar masu shi. Akwai aure da ya mutu, akwai fuskar da ganinta zai tayar wa wani da baƙin ciki.

Mun san kuɗi ya yi wuya, ga abinci ga kuɗin makaranta. Amma idan 'yan'uwa biyar suka haɗa abin da kowa ke sa wa waya na kati a wata guda, aikin zai fara. Hutun Kirsimeti, sa'ad da 'yan birni su ke komowa gida, shi ne lokacin da ya fi dacewa a zauna a yi kallon nan da rubutun sunaye. Sai dai ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya ke so a kalla a Disamba, ya kai kaset wurin mai kwafewa tun yanzu.

Da za mu bar Fakku, Mama ta rako mu bakin hanya. Ta ce ƙaramin jikanta, mai shekara bakwai, ya saurari saƙon Zariya har sau huɗu, yanzu yana yawo a tsakar gida yana kwaikwayon tarin kakansa kafin ya yi magana. Ta ce, "Ku gaya wa mutane su duba akwatunansu." Ga shi mun gaya muku.

Wanda ya gwada wannan a gidansa, ya rubuto mana abin da ya tarar, domin waɗansu su ƙaru. Sai wata mai zuwa, in Allah ya yarda. Ku huta lafiya.